Littattafan da Suka Gode wa Auta

Kowa da inda yake fara karanta littafi. Wani bango yake tsayawa kallo, wani ya leƙa ƙarshe ya ga yawan shafuka ya mayar ya ajiye. Shi Mai Lamba shafin godiya yake fara buɗewa, wancan na farko-farko inda marubuci yake jero waɗanda suka taimake shi. Ba daɗin karanta shi yake ji ba. Sosa ƙurji ne kawai: ya san zai yi jini, amma hannu ba ya haƙura.

A laburaren wata cibiyar binciken ƙasa da ruwa da amfanin gona yake aiki, kuma a nan furfura ta same shi. Ɗakinsa yana can baya, ƙarƙashin matattakalar bene, mai taga ɗaya da ke kallon bangon ɗakin janareta. Duk littafin da ya shigo gidan, saye ne ko kyauta, sai ya kwana a teburinsa kafin ya ga kanta. Shi zai duba ya gane a kan me yake magana, ya yanka masa lamba, ya rubuta ta a 'yar farar takarda ya liƙa a ƙugun littafin. Sannan ya buga masa katuna, na sunan marubuci da na sunan littafi da na fanni, ya jera su a aljihunan doguwar kabad ɗin katako da ke bakin ƙofa. Inda lambar nan ta ce littafi ya zauna, nan zai zauna har ya tsufa. Daga nan sunan ya bi shi, har masu gadi da direbobi ba su san shi da wani ba.

Halin tun na ƙuruciya ne. Mahaifinsu tela ne, kuma in ya aike shi ya ɗauko maɓalli ɗaya, sai a tarar ya zazzage gwangwanin duka yana ware baƙaƙe da farare, masu huda biyu da masu huɗu. Ya sha ranƙwashi a kan haka, bai daina ba. Da mahaifin ya rasu, shi ne ya riƙe gida, ya haɗa aiki da karatu har ya sami takardar shaida. Shi ne kuma ya je ya roƙi shugaban laburare na lokacin aka ɗauki ƙanensa, Auta, wanda makaranta ta gaji da shi tun kafin ya gaji da ita.

Aka ajiye Auta a teburin gaba, yana karɓar littafi yana miƙa littafi. Wannan shi ne dukan aikin, amma kafin shekara ta zagayo ya zama ɗan gidan kowa. Ba ya iya riƙe lambar fanni ko guda a kansa, amma ya san daktan da matarsa ta haihu, da farfesan da likita ya hana wa sukari, da ɗalibar da ke kuka a bayan kanta in malaminta ya yi mata faɗa. Mai bincike zai shigo da taɓo a takalmi ya ce yana neman wani rahoto mai koren bango da ya taɓa gani bara, bai tuna sunansa ba. Auta ya yi dariya, ya jawo masa kujera, ya zaga baya.

"Yaya, rahoton nan na gishirin ƙasa, mai koren bango?"

Mai Lamba ba ya ko ɗaga kai, sai ya faɗi lambar. Auta ya rubuta a tafin hannu, ya haye bene da gudu, ya sauko yana kaɗe ƙura da gefen rigarsa, baki har kunne. Daga ɗakin baya ana jin muryar mai binciken yana zuba albarka.

Ran da sunan Auta ya fara fitowa a shafin godiya, wallahi Mai Lamba ya yi murna. Ya ga sunan cikakke, har da na mahaifinsu a ƙarshe, a buge da baƙin ɗab'i. Ya ƙudurta da ya isa gida zai gaya wa Inna, mahaifiyarsu. Amma a hanya ya riƙa juya jimlar a ransa. An gode wa Auta, "wanda ya san kowane lungu na laburaren", sannan an gode wa "sauran ma'aikata". Kafin ya kai bakin layinsu ya gane wane ne sauran. Da ya shiga gida, ya ci abinci ya kwanta bai faɗa ba.

Na biyu ya zo, na uku ya biyo shi, daga nan abin ya zama kamar an saki famfo. Kuma abin haushin, Auta ne da kansa yake kawo su. Marubutan sukan ba shi kofi ɗaya na littafin kyauta, shi kuwa ya shigo ɗakin baya ya dangwarar a kan tebur.

"Yaya, ga wani. A ba shi lamba."

"Ba naka ba ne? Ka kai gida mana."

"In yi me da shi? Yara su yage mini? Nan ne gidansa."

Yana faɗa yana fita, yana yin fito da baki. Ko a jikinsa. Da ma yana taƙama ne, da Mai Lamba ya sami abin kamawa. Abin da shi zai ba da haƙoransa na gaba ya samu sau ɗaya tak, shi wani yake yarwa a kan tebur kamar ɓawon gyaɗa. Kishi ne, ba shi da wani suna. Yana son ƙanensa, in zazzaɓi ya kama Auta shi ne mai jigilar magani, amma da zarar ya buɗe shafin nan sai ya ji ƙirjinsa ya ɗau zafi har kunnuwa.

Wuri ɗaya ya rage masa, shi ne gida. Su biyun da iyalansu suna zaune a gidan da mahaifinsu ya bari, Inna tana ɗakinta na tsakiya. A wurinta lissafin bai taɓa canzawa ba. In baƙuwa ta tambaye ta aikin 'ya'yanta, sai ta gyara zama.

"Babba shi ke riƙe da laburaren nan kaf. Littafi ba ya shiga sai da izininsa. Auta kuwa yana nan yana miƙa wa mutane, Allah dai ya shirya shi."

Auta ya kan tuntsire da dariya ya ce gaskiyar Inna ce. Mai Lamba ya kan sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, alhali kuwa kalmomin nan su ne abincinsa. Duk abin da za a yi a cibiya a yi, muddin bai tsallako ƙofar gidan nan ba. Ya san in Inna ta ji manyan masana suna rubuta sunan Auta a littafi, shi kuwa ko sau ɗaya, to ya rasa kujerar ƙarshe da yake zama a kai.

A nan ne aikinsa ya ba shi makami, irin wanda sai mai wannan sana'a ya san da shi. Da wuya littafin bincike ya tsaya a kan abu ɗaya. Wanda ya yi rubutu a kan ƙwarin auduga zai taɓo asarar manoma, wanda ya yi a kan rijiyoyi zai kawo ƙididdiga. Mai yanka lamba ne zai zaɓi fannin da ya fi rinjaye. Fannin ƙwari da na ruwa suna ƙasa, kusa da fanka da haske, inda mutane ke tsayawa suna jan littafi ɗaya su ga na kusa da shi. Fannin ƙididdigar karkara kuwa yana bene, a kusurwar ƙarshe, inda rufi ke yoyo da damina, ƙwan lantarki ya mutu ba wanda ya kai ƙara. Sai Mai Lamba ya fara gano cewa duk littafin da ya gode wa Auta, in aka duba da kyau, ai ƙididdiga ce ta yi rinjaye a ciki.

Bai taɓa yin ƙarya ba, abin da yake gaya wa kansa ke nan. Ko wa aka kira ya duba, yana da hujja a shafi kaza. Katunan suna nan a aljihunsu, wanda ya san sunan littafi zai same shi. Sai dai mutane ba sa neman abin da ba su san da shi ba, marubutan kuma suna da nasu a gida, wasu an yi musu canjin wurin aiki, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Littattafan suka yi ta taruwa a kusurwar nan kafaɗa da kafaɗa, suna shan ƙura. Wani lokaci ya kan hau da tsakar rana ya tsaya yana kallonsu, ya ji wani sanyi mara kyau a ransa, ya sauko.

Ana nan aka kawo sabuwar shugaba, mace mai saurin tafiya da saurin magana, wadda ba ta zama ta sha shayi har ya ƙare. Ta zagaya laburaren sau ɗaya ta ce ya cika ya batse, kuma cibiya tana son benen don a jera kwamfutoci. Za a yi tankaɗe da rairaya. A bayan bangon kowane littafi akwai 'yar takarda da ake buga ranar dawowa in an ara. Wanda takardarsa ta daɗe ba ta ga hatimi ba, ya fita. Amma ta san ba kowane littafi mara farin jini ne mara amfani ba, don haka ta miƙa wa Mai Lamba koren alli.

"Malam, ka fi kowa sanin gidan nan. Duk wanda ka ga bai kamata a rasa ba, ka ja masa layi, ba wanda zai taɓa shi. Na bar maka."

Ya yi aikin tsakani da Allah, wannan kam a faɗa. Ya ceci tsofaffin taswirorin koguna da ba a ƙara bugawa ba. Ya ceci rahotannin ruwan sama da wani bature mai haƙuri ya rubuta da hannu. Ya yi musu da wani dakta da ke son a bar kofi biyar na littafinsa, ya bar masa biyu. Makonni yana hawa yana sauka, yana atishawa, allin yana ƙanƙancewa a hannunsa. Kusurwar ƙarshe ya bari sai ƙarshe.

Ran da ya isa gare ta, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Takardun baya fari fat, ba ɗigon tawada. Ya san wasunsu ba su da wani kofi a ko'ina cikin ƙasar, an buga kaɗan an raba an manta. Da wani suka gode wa ba Auta ba, da bai tsaya tunani ba. Ya riƙe allin har ya jiƙe da gumin hannunsa. Sai ya ji takun ƙafa a matattakala.

"Yaya, ka zo ka ci abinci. Ko in kama maka?"

"Je ka teburinka, kada a zo ba kowa."

Auta ya leƙo, ya yi atishawa, ya juya. Mai Lamba ya mayar da allin aljihu. Ya ɗauko jan hatimin da ke cewa an cire, ya shiga bugawa a shafin farko na kowanne. Doka ce ta fitar da su, ba shi ba. Ba wanda ya ara, ga shaida nan. Ya tattara su wuri ɗaya, ya ɗaure da igiya da hannunsa, ya ja ƙullin sosai.

Daga nan ya sauko wurin kabad, ya yi abin da a wurinsa shi ne ainihin yankan. Ya bi aljihu-aljihu yana zare katunansu, na marubuci da na suna da na fanni, ya yayyaga ya zuba a kwando. A saninsa na shekara da shekaru, littafin da ba shi da kati ba shi da lamba ya bar duniya, ko yana gabanka ba ka da hanyar nemansa. Ya rufe aljihun ƙarshe ya ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarsa. Ran nan har tsire-tsiren bakin ƙofa ya tsaya ya yaba wa mai ban ruwa.

Abin da ya biyo baya ba aikinsa ba ne, don haka bai taɓa kula da shi ba. Makarantu suka zo suka zaɓi masu hotuna. Sauran aka zube a tsakar gida, masu shara suka bi su suna ɓare bango da shafin farko mai hatimin laburare, don kada a ga littafi a hannun wani a ce sato shi ya yi. Suka mayar da kowane ɗauri yadda suka same shi. Direban cibiya ya loda a mota, ya bi gari yana sauke wa masu shaguna da suka daɗe suna roƙonsa takardar naɗe kaya. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai shagon bakin layin su Mai Lamba, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya ya koma auna gishiri da sukari, kuma ba ya naɗe ko ƙusa a takarda sai ya fara sa tabarau ya karanta ta.

In aka cire bango aka cire shafin farko, shafin godiya ne ke zama a sama.

Ranar wata Laraba da la'asar Mai Lamba ya sauko daga mota shi kaɗai, don Auta ya riga shi tashi. Tun daga nesa ya hango mutane a ƙofar shagon. Ya zaci faɗa ake. Da ya matso sai ya ga an ɗaura igiya daga ƙusa zuwa ƙusa, an rataye takardu da maƙalen shanya, mai gyaran babur da mai wanki da matan layi suna ɗaga kai suna kallo. Mai shagon ya hango shi ya ɗaga hannu biyu.

"Ga yayan nan! Malam, haka ake yi? Kuna da irin wannan a gida kuka yi shiru? Na buɗe na farko na ga suna, na ce ai na san mai wannan. Na buɗe na biyu, shi ne. Wallahi ɗaurin nan kaf, babu wanda babu shi a ciki!"

Aka yi masa caa da barka. Mai wanki ya ce shi dama ya san yaron nan ba banza ba. Wata tsohuwa ta riƙe hannunsa ta ce Allah ya sa shi ma ya kai haka. Ya ji bakinsa yana amsawa da amin. Shi da ya ɗaure su, shi ya san ba a sami ko bare ɗaya a cikin ɗaurin ba.

"Waɗannan kaɗan ne," in ji mai shagon. "Sauran na aika wa Inna."

A tsakar gida ya tarar da ita a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, takardun a cinyarta. Matarsa ce ta goge su da dutsen guga don su miƙe, tana tsaye tana ta murmushi. Auta yana zaune a kan turmi can gefe, kansa a ƙasa, yana wasa da igiyar da aka kwance. Bai ɗago ba da yayansa ya yi sallama.

"Yauwa, Babba, zo zauna," in ji Inna. "Wannan ja'irin kunya ta hana shi. Kai karanta mini, ka fi shi iya karatu."

Ya zauna. Ta miƙo masa na farko. Ya san shi, ya san lambar da ya yanka masa, ya san ranar. Ya karanta da muryar da bai gane ba. Da ya zo kan sunan, ta ce ya maimaita. Ya maimaita, har da na mahaifinsu a ƙarshe. Ta sa gefen mayafi ta share ido.

"Tela, ka ji sunanka a littafi," ta ce a hankali. "Ci gaba."

Haka ya bi su ɗai-ɗai, ba ta yarda ya tsallake ko layi ba. Wanda ya ce Auta ya fi ɗan'uwa. Wanda ya ce ba don Auta ba da ya watsar da binciken. Duk inda aka zo kan sauran ma'aikata sai ya haɗiye kalmomin da sauri. Zafin nan da ya saba ji shi kaɗai a ɗakin baya, yau ga shi yana ji a gaban matarsa da uwarsa, kuma da bakinsa yake hura shi.

Da ya gama, Inna ta jera takardun ta daidaita gefensu.

"To wai wa ya tara su wuri ɗaya haka?"

Auta ya naɗe igiyar a yatsansa ya warware.

"Yaya ne, Inna. Shekara da shekaru yana tara su."

Bai kalli kowa ba da ya faɗa. Inna ta kamo hannun Mai Lamba ta riƙe, tana sa masa albarka, tana cewa dama ta san ba ya barin abin ƙanensa ya ɓata. Ya so ta yi shiru, ya so ƙasa ta tsage. Sai ta saki hannun ta yi 'yar dariya, irin ta mai lissafin da ya fito daidai.

"In na Auta mai miƙa littafi sun kai haka, ai naka sai an ɗauko mota. Ni ban san ana rubutawa ba, da tuni na tambaya. Gobe in za ka dawo ka zo mini da naka, ko kaɗan ne, ka karanta mini."

"To, Inna," in ji shi.

Ta juya ta ce wa matarsa ta bar dutsen gugar a kusa, kada a mayar da shi ɗaki.